Ƙwai Ukun da Na Zana a Allon Gwaggo

Tun kafin komai ya faru akwai wani tsoro da nake ɗauke da shi, ban taɓa gaya wa kowa ba, har maigidana. Kullum in na raka ɗiyata karatu zauren Gwaggo, sai na tsaya na ga yadda take tashi daga kujera. In ta dafa gwiwa, gabana ya faɗi. In ta yi tari sau biyu a jere, ranar ko girki sai na ƙona. Ina sonta, Allah ya sani, amma tsoron nan na son kai ne. Ɗiyata kurma ce, shekararta bakwai, kuma duk faɗin Katsina mutum ɗaya na sani wanda in yarinyar nan ta ɗaga hannu ta fara magana zai gane ta daga farko har ƙarshe. Ni da na haife ta rabi nake tsinta. Sai in riƙa cewa a raina, in babu Gwaggo, wa zai gaya mani abin da ɗiyata take cewa, wa kuma zai gaya mata abin da ake ciki?

Gwaggo yayar mahaifin maigidana ce. Gida huɗu ne tsakaninmu da ita a lungunmu na Ƙofar 'Yandaka. Ta koyar da yara kurame a firamare har ta yi ritaya. Da ta dawo gida sai ta sa aka shafe bangon zaurenta da baƙin fenti, aka yi mata benci biyu, ta ci gaba da abinta kullum bayan la'asar. Yara tara ne a hannunta lokacin da ta rasu.

Ran Laraba ne. Ba ta yi ko ciwon kai ba. Da hantsi na gan ta da idona a bakin lungu tana ce wa mai napep, "Kai yaro, kasuwa na ce ka kai ni, ba Makka ba." Ta dawo da kwalin alli da yalo a leda. Ta yi azahar. Matar ɗanta ta kai mata fura, ta same ta zaune kan dadduma, ta jingina da bango, tabarau a hanci, carbi a cinya. Ta yi mata magana sau uku. Ta ɗauka gyangyaɗi ne, har ta aje kwanon ta juya za ta fita, sai ta ga ƙuda ya sauka a leɓenta ba ta kore shi ba.

Kafin magariba an kai ta.

Ni ban yi kuka ba ranar. Da na ji salati na fito da ludayi a hannu, da shi kuma na tsaya a tsakar gidanta har aka fita da makara. Sai da wata ta zare shi daga hannuna na san ina riƙe da shi. Na daɗe ina tsoron ranar nan, amma duk yadda na kawo ta a raina da asibiti a ciki, da jinya, da lokacin da zan zauna gefen gado in ce ta ƙarasa koya mani abin da ya rage. Ko sau ɗaya ban kawo za ta sayo alli da safe a rufe ta da yamma ba.

Masu ta'aziyya ma haka suka riƙa shigowa, kowa da abin da ya kasa haɗiyewa. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ta zauna bakin rijiya tana ta maimaita magana ɗaya: "Jiya ta aiko mani da daddawa. Jiya-jiyan nan. Ga ta can ko buɗewa ban yi ba." Surukina, ƙanenta, wanda ya shekara biyu a kwance ita ke zuwa duba shi tana ce mashi ya daina ragwanci, da aka shigo da shi a riƙe sai ya tsaya yana kallon takalmanta a ƙofar ɗaki. Ya ce, "Yaya, ai ni ne a layi. Ya aka yi kika tsallake?" Mata suka sake fashewa da kuka. Wata baƙuwa kuma ta tambayi ta kusa da ita, "Wai mai koyar da bebayen nan ce? Allah shi jiƙanta." Sai na ga na ɗaga kai ina jiran muryar Gwaggo, don ba ta taɓa barin kalmar nan ta wuce ta gabanta ba. "Kurame," take cewa. "Bakinsu lafiya lau, hannunsu kuwa ya fi bakinki surutu."

Babban ɗanta ya sa aka yi sanarwa a rediyo har sau uku, aka faɗa a masallatai. Kowa ya ce ya kyauta, sanarwa ta kai ko'ina.

Ɗiyata ba ta nan ranar. Tana Batagarawa wajen innata, sai washegari za a dawo da ita. Kafin in faɗi abin da na yi da ta dawo, bari in faɗi wace ce Gwaggo, don kada a manta.

Yarinyar tana da shekara biyu da 'yan watanni aka yi bikin wata ƙanwar maigidana. Lokacin na daɗe ina gwaje-gwajena a ɓoye. In ta ba ni baya sai in saki murfin tukunya, in ga ko za ta waiwayo. Wani lokaci ta waiwayo, ashe motsin ƙasa take ji a ƙafa, ni kuma in wuni ina murna. Hajiya, uwar maigidana, ta ce nauyin baki ne na gado, baban yarinyar ma sai da ya shekara uku kafin ya yi magana. A wajen bikin, da aka fito da amarya, wata ta rangaɗa guɗa daidai bayan kan yarinyar. Yaran wurin duk suka zabura, wani ya sa kuka. Tawa tana ta wasa da igiyar takalminta.

Ba a jima ba aka ce Gwaggo na kirana a ɗaki. Ta ce in tura ƙofa.

"Matar ɗana, tun yaushe kika sani?"

"Sanin mi, Gwaggo?"

"Kar ki maishe ni yarinya. Sanda aka yi guɗa kowa amarya yake kallo. Ke kaɗai ɗiyarki kike kallo, ni kuma ke nake kallo."

Na durƙusa a nan na yi kukan da na yi wata shida ina riƙewa. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta bari na gama, ta miƙo mani gefen zanenta, ta ce jibi da safe in shirya yarinyar. Ita ta kai mu asibiti aka gwada kunnen da na'ura. Da muka fito ta kama haɓata ta ce, "Kunne ne ba ya aiki. Kai lafiyarshi ƙalau. Duk wanda ya haɗa maki su biyun, ko uwarki ce, ki turo mani shi."

A hanyar dawowa ta ba ni labarin yadda ta shiga aikin. Da can malamar aji biyu ce kamar kowa. Akwai wata yarinya a bayan aji da ba ta amsa suna, ba ta maimaita karatu, sai dai ta zuba mata ido. Gwaggo ta ɗauka taurin kai ne. "Zango guda ina zane ɗiyar mutane," in ji ta. "Ran nan ƙarfen da ake bugawa in za a tashi makaranta ya faɗo daga icce a bayanta, ƙarar har ajin ƙarshe, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na aje bulalar. Na je gida na kasa cin abinci." Ta haura arba'in lokacin, da 'ya'ya biyar. Ta nemi gurbi a jami'a can Jos, sashen da ake horar da malaman yara masu buƙata ta musamman. Dangi suka ce Malama ta tafi jami'a koyon wasa da yatsu. 'Yan ajinsu sa'annin babban ɗanta ne, Mama suke ce mata. Jarrabawar farko ta maganar hannu ta faɗi, wai yatsun da suka saba da muciya sun ƙi lanƙwasuwa, sai da ta riƙa jiƙa su a ruwan ɗumi kafin ta shiga aji. Shekara huɗu ta yi. Ta koyi karatun makafi na ɗige-ɗige, da yadda ake bi da yaron da karatu ke yi wa nauyi, amma kurame ta riƙe. Da ta dawo, gidan iyayen yarinyar nan ta fara zuwa. Ta nemi gafara, ta ce a ba ta ita.

Abin da ta fi yabawa a karatun shi ne littafi. Kowane yaro da nashi littafin a wajenta, tana rubuta abin da ya iya, da abin da ke ba shi tsoro, da abin da za ta gwada mashi sati mai zuwa. Ta ce a jami'a aka koya mata cewa aji ba a koyar da shi da ludayi ɗaya.

Tana son goro, amma ba ta taɓa shiga zaure da shi a baki ba, don yara na karanta leɓe. Mayafi ba ya kusantar bakinta. Kullum ita ke fuskantar ƙofa, haske ya sauka a fuskarta da hannunta. In za ta yi wa yaro magana sai ta durƙusa daidai tsawonshi, da gwiwar nan tata da nake tsoro. In tana son su juyo sai ta buga benci da tafin hannu. Ranar da wani magidanci ya jefi ɗanshi da tsakuwa don ya waiwayo, har bakin titi ta bi shi tana tambayarshi ko akuya ya haifa.

A wajen biki da suna kuwa matasa gudunta suke. Duk wanda ta ji ya gama sakandare sai ta kira shi.

"Mi za ka karanta?"

"Lauya, Gwaggo."

"Lauyoyi sun ishe mu, har sun fara kai juna ƙara. Ka san akwai karatun koyar da kurame da makafi? Digiri ne cikakke. Zo in gaya maka."

Jikarta ɗaya ta yi mata alkawari, da aka zo cike fom ta zaɓi aikin jinya. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta, rana ta uku ta sayo mata fararen takalma.

Yaran ba sa kiran mutum da sunan yanka, alama suke ba shi. Ta Gwaggo ita ce yatsa biyu a karan hanci, yadda take tura tabarau. Tawa alamar kuwa ɗiyata ce ta raɗa mani: tafin hannu a ƙirji, ido a waje. Ranar da Gwaggo ta gani ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido. "Ɗiyarki ta karance ki tsaf," in ji ta.

Mun yi faɗa da ita, sau biyu. Na farko da yarinyar ta fara maganar hannu. Hajiya ta ce in ta saba da hannu ba za ta taɓa buɗe baki ba, ni ma na yarda. Na hana ta zuwa zaure sati uku. Kullum in zaunar da ita ina cewa "Mama, ce Mama," ita tana kallon bakina, har ta fara buga kanta da bango in tana son abu ban gane ba. Gwaggo ta zo har ɗakina, ba ta ko zauna ba.

"Ke kina jira ta yi irin maganarki, ita tana jira ki yi irin tata. Ke kina da kunne kina da hannu. Ita hannu kaɗai gare ta. To wa ya kamata ya taso?"

Na ce, "Gwaggo, ɗiyata ce."

Ta ce, "Shi ya sa nake jin kunya a madadinki."

Na yi fushi, amma washegari na mai da ta. Tun daga nan nake zama a ƙarshen benci ina koyo. Na iya ruwa, abinci, zo, bari, ciwo, gobe, ƙarya, yi haƙuri. Abin da ya yi mani daɗi nake ɗauka.

Faɗa na biyu bara ne. Ɗan tsakon Gwaggo ya mutu a tsakar gida. Maimakon ta yar, sai ta ɗora shi a kwali ta kai zaure, ta tara yaran. Kowa ya taɓa. Ta nuna masu ba ya numfashi, ba ya ci, ba zai tashi ba, ta koya masu alamar, suka haƙa rami a gindin bango suka rufe shi. Ni tun da na ga inda aka dosa na kau da kai, na fice. Da aka tashi na ce mata wannan ba abin koya wa yara ba ne.

"Yaro mai ji," in ji ta, "in kin ɓoye mashi abu zai tsinta a bakin wani, a maƙwabta ko a hanyar makaranta. Wannan kuwa abin da kika ba ta shi ke nan gare ta. In kin ba ta ƙarya, da ita za ta zauna. Zo in nuna maki alamar."

Na ce, "Allah shi kiyaye, ba na so."

Ta ce, "Za ki so."

Saboda wannan aƙidar ne ko tafiyar kwana ɗaya ba ta yi ba tare da ta gaya masu ba. Sai ta zana 'yan zagaye a kusurwar allo, yaran na ce masu ƙwai, kowane ƙwai kwana ɗaya. Kowace safiya ɗiyata, da yake ita ce kusa, ta je ta goge ɗaya. Ranar da ta goge na ƙarshe, ranar Gwaggo ke dawowa. Ba ta taɓa saɓawa ba. Akwai lokacin da ta baro bikin jikanta a Funtuwa ana tsaka da shi, don ƙwan da ta zana sun ƙare.

Ran Alhamis da safe aka dawo da ɗiyata. Ta ga tabarmi a lungu, ta ga mutane. Ta kutsa cikin mata ta leƙa ɗakin Gwaggo, ta leƙa bayi, ta leƙa madafa. Ta dawo gabanmu ta sa yatsa biyu a karan hanci, ta buɗe tafin hannu: ina take?

Hajiya ta yi abin da ake yi wa kowane yaro a gidan mutuwa. Ta yi hannu kamar mota, ta nuna nesa. Ta yi tafiya. Matan wurin suka gyaɗa kai, wata ta ce, "Allah sarki, gara haka."

Yarinyar ta ruga zaure. Na bi ta. Ta tsaya gaban allo tana duba kusurwa. Darasin Talata na nan, an zana akuya da kaza da sunayensu a ƙasa, amma babu ƙwai ko ɗaya. Ta duba ɗaya kusurwar. Ta buɗe sabon kwalin allin nan, ta zaro ɗaya, ta sa mani a hannu, ta nuna allon. Kwana nawa?

Na san abin da Gwaggo za ta ce. Kamar tana tsaye a bayana. Amma alamar ban iya ba, ni na ƙi koyo, kuma yarinyar na kallona, maza na zaune a waje. Na zana ƙwai uku. Ban san dalilin uku ba. Ta ƙirga, ta yi murmushi, ta karɓi allin ta mayar cikin kwali.

Ran Juma'a ta goge ɗaya. Ran Asabar ana sadakar uku ta ratsa cikin masu addu'a ta goge na biyu, har ta ture wani dattijo daga kujerar Gwaggo ta kakkaɓe ta. Saura ƙwai ɗaya. Na gaya wa maigidana, ya ce in ƙara zana wasu, a hankali za ta manta. Na ce ba ka san ɗiyarka ba.

Ran Lahadi ta goge na ƙarshe. Ta sa kayan sallarta da kanta, ta ɗauki littafinta, ta share zaure, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon bakin lungu.

Da hantsi suka shigo lungun. Sun kai ashirin, maza da mata, wasu da goyo. Ba ka jin komai sai takunsu. Ɗaliban Gwaggo ne na da, waɗanda suka girma: tela, mai gyaran waya, matan aure, da kafintan da ya yi mata bencinan nan. Sai daren Asabar wani cikinsu ya ga hotonta a waya ya aika wa sauran. Kafintan ya ciro takarda ya yi rubutu ya miƙa wa babban ɗanta. Daga baya na ga takardar. Cewa ya yi: "A rediyo kuka faɗa. Mu wa ya gaya mana?" Babban ɗan ya karanta, ya zauna a ƙasa a inda yake, ya rufe fuska da hula. Duk gidan nan, da masu digiri da masu carbi, ba wanda ya tuna. Ni da nake da kurma a ɗaki ban tuna ba.

Ɗiyata da ta ga manya na magana da hannu sai murna. Ta ruga tsakiyarsu ta sa yatsa biyu a hanci, ta nuna allo, ta yi alamar yau. Gwaggo yau za ta dawo.

Duk hannuwan suka tsaya.

Wata mata a cikinsu, za ta kai arba'in, da jaka irin ta malamai, ta durƙusa ta tambaye ta ina uwarta. Yarinyar ta dafa ƙirji ta zaro ido, ta nuno ni. Matar ta kama hannuna ta ja ni madafa. Ta rubuta a wayarta ta nuna mani: "Me kuka gaya mata?" Na yi hannu kamar mota, na ɗaga yatsa uku. Ta daɗe tana kallona. Ta sake rubutawa: "Ni ce wadda Malama ta daka a aji biyu. Yanzu ni ma malama ce. Ba ta taɓa yi mana ƙarya ba."

Na karɓi wayar na rubuta da ƙyar: "Don Allah ki gaya mata. Ban iya ba."

Ta girgiza kai. "Ke ce uwa. Ke kika zana. Kawo hannunki."

A nan gaban murhu ta koya mani abin da na guje wa bara. Tafi ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon ƙasa, sai a juya su a hankali. Sau huɗu ta gyara mani. Ta share mani zufar fuska da gefen hijabinta, ta tura ni waje.

Na kai ɗiyata zaure. Na juya na fuskanci ƙofa don haske ya sauka a kaina, na durƙusa daidai tsawonta. Na sa yatsa biyu a hanci. Na juya hannuwana.

Ta kalli hannun, ta kalli fuskata. Ta girgiza kai, ta nuna allo, ta ɗaga yatsa uku.

Na nuna kaina. Na yi alamar ƙarya. Na yi alamar yi haƙuri.

Ta sake kallon allon. Can ta haɗa tafukanta kamar mai riƙe da ɗan tsako, ta nuna gindin bangon da suka haƙa rami, ta ɗaga gira tana tambaya. Na gyaɗa kai. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinta wanda ban taɓa ji ba tun da na haife ta, har matan cikin gida suka fito da gudu. Ta dunƙule hannu ta buge ni a ƙirji sau biyu, sannan ta kifa fuskarta a wurin. A nan na yi kukan Gwaggo na farko.

Kwana biyu ba ta kalle ni ba. Wanda bai zauna da kurma ba ba zai san nauyin wannan ba: in ta kau da ido, babu ta inda za ka shiga. Rana ta uku ina tsince shinkafa ta zo ta dafa kafaɗata. Ta yi alamar Gwaggo, ta juya hannuwanta, ta kama nawa ta gyara mani babban yatsa, don ashe har lokacin ba daidai nake yi ba. Yanzu ko kasuwa zan je sai ta miƙo mani alli. In zan dawo a ranar ba na zana komai, ta tsaya ta kalli idona ta tabbatar.

Da aka buɗe akwatin Gwaggo an samu littattafan yaran guda tara, an ba kowace uwa nata. A cikin na ɗiyata akwai shafin da ba nata ba ne. An rubuta: "Uwar tana da ido, ba abin da ke wuce ta. Tsoro ne ya yi mata yawa. A bi ta a hankali, za ta iya." A shafi na gaba ta rubuta abin da za ta koya wa yarinyar sati mai zuwa, ranakun mako da haɗa lamba har ashirin. Ranakun mako na lallaɓa na koya mata. Lissafin ya fi ƙarfina.

Malamar nan tana zuwa ran Asabar, amma wajen aikinta da nisa, kuma ita kaɗai ce a makarantarsu. Sauran kwana shida zauren a rufe yake. Yara tara na zaune a gida, biyu daga ciki iyayensu sun fara cewa a bar maganar karatun.

Allah shi jiƙan Gwaggo, shi yafe mata, shi haskaka kabarinta yadda ta riƙa juya fuskarta ga haske saboda yaran mutane.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan guda biyu ne. In ka san wani kurma da ya yi karatu a hannunta, kada ka ɗauka ya ji, ka je ka same shi ka rubuta mashi a takarda. In kuma kana da ɗa ko ɗiya da ya yi karatun koyar da irin yaran nan, ko yake shirin cike fom ɗin jami'a bai san abin da zai zaɓa ba, ka turo shi Ƙofar 'Yandaka bayan la'asar, ya tambayi zauren Malama mai kurame. Makullin na hannuna. Benci na nan, allo na nan, kwalin allin ma guda ɗaya kawai aka taɓa.